Goge ɗaya tilo, ba ganga ba amshi: faifan wa ya fi shiga ranku?

Nas_Aminu_Kano:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni, amma bari in fara da yadda abin ya samo asali. Daren Talatar da ta wuce ina aikin kwana, wajen ƙarfe biyu ɗakin ya yi tsit, marasa lafiya duk sun samu barci, sai na saƙala abin ji a kunne ɗaya don kada gyangyaɗi ya ɗauke ni. YouTube ya jefo mini wani bidiyo, an rubuta Bach, Chaconne, Nathan Milstein. Wani dattijo ne a tsaye da gogen Turawa a wuya. Na ce bari in ji minti biyu in wuce. Wallahi har ya sauke bakan ban taɓa wayar ba, kusan kwata guda. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne in na runtse ido sai in ji kamar mutum biyu ko uku ne, wani yana sama wani yana amsa masa daga ƙasa, in na buɗe sai in ga shi kaɗai ne. Ba piyano, ba ganga, ba kowa. Da na je nema washegari sai na tarar mutane fiye da ashirin sun kaɗa wannan abu ɗaya. To masana, na wa zan riƙe? Kuma ban da shi, akwai wasu kiɗe-kiɗen da aka yi wa goge shi kaɗai?

MalamHabu_Zazzau:
Wa alaikumus salam. Aminu, barka da shigowa, kuma ta babbar ƙofa ka shigo. In dattijon ya tsufa ƙwarai a bidiyon, ina kyautata zaton wasansa na ƙarshe ka gani, wanda ya yi a Stockholm a 1986 yana da shekara 82. Abin da ka ji shi ne yanki na ƙarshe na Partita ta 2. Guda shida Bach, mai tsara kiɗa Bajamushe, ya rubuta, sonata uku da partita uku, kuma kundin da ya rubuta da hannunsa yana nan a ajiye a Berlin, da shekarar 1720 a bangonsa. Lokacin yana aiki a fadar yariman Köthen, wani ɗan ƙaramin gari a Jamus. A bangon ya rubuta da Italiyanci cewa na goge ne shi kaɗai, ba rakiya. In za ka nema ka rubuta BWV 1001 zuwa 1006, wato lambobinsu a jerin ayyukan Bach, naka shi ne 1004.

Ni nawa Henryk Szeryng ne, ɗaukar 1967 ta kamfanin Deutsche Grammophon. Ina ɗalibi a Jamus na saye shi a shagon gwanjo, faifan garmaho uku a kwali ɗaya, gefen kwalin ya ɗan yage har na liƙe shi da salatif. Yana nan a ɗakina yanzu haka. Dalilin da ya sa na tsaya a kansa shi ne fuga. Kowace sonata tana da fuga a yanki na biyu, wato murya ɗaya ta ɗauko zance, ta biyu ta shigo da zancen nan kafin ta farko ta gama, ta uku ta biyo baya. A hannun wasu abin yakan zama kokawa da katako. A hannun Szeryng kuwa kamar dattawa uku ne a zaure, kowa kana jin abin da yake faɗa, babu mai danne wani. Ba ya gaggawa, ba ya ƙawa. Ka fara da fugar Sonata ta 1, ita ce mai sauƙin bi.

Hajiya_Bilki:
Malam Habu, Allah ya ƙara lafiya, amma ni Szeryng yana mini nauyi. Kamar mai karanta hukunci a kotu. Arthur Grumiaux ɗan Beljiyam nake so, ɗaukar Philips ta 1960 da 1961. Partita ai raye-raye ne aka jera, sunayen yankunan ma kusan duk na rawa ne, allemande, courante, sarabande, gigue. Grumiaux bai manta da haka ba, ƙafarka za ta riƙa motsi ba ka sani ba. Kuma sautinsa tas yake kamar ruwan randa. Lokacin da Amurka ta harba kumbon Voyager a 1977 da faifan zinariya mai ɗauke da muryoyin duniya, Gavotte ta Partita ta 3 da aka sa a ciki ta Grumiaux ce. Aminu, nemi wannan, minti uku ce kawai.

Sadiq_Abuja:
Ku gwada Four Seasons na Vivaldi, duk duniya babu kiɗan goge kamarsa.

Hajiya_Bilki:
Ɗana Sadiq, yana da daɗi ƙwarai, amma wannan goge ne da tawaga a bayansa. Aminu na mutum ɗaya tilo yake tambaya.

Zee_MaiGoge:
Yaya Aminu, bari in amsa maka abin da ya ɗaure maka kai, don shekarata uku ina koyon gogen nan wajen wani malami a Jos. Tsirkiya huɗu gare shi, kuma jakin da suke hawa a kai ba a miƙe yake ba, a tanƙware yake kamar bayan kunkuru. Saboda haka baka ba ya iya kwanciya kan huɗun a lokaci guda. Biyu yake kamawa cikin sauƙi, uku sai an danna da ƙarfi. To Bach yakan rubuta sauti huɗu a tsaye, ɗaya kan ɗaya. Sai mai goge ya karya su, ya shafi biyun ƙasa da sauri ya mirgino kan biyun sama ya tsaya. Kunnenka yana riƙe na ƙasan ko bayan an sake su, shi ya sa kake jin kamar akwai wani a can yana amsawa. Wata dabarar kuma, layi ɗaya ne yake gudu amma yana tsalle sama da ƙasa, sai kunne da kansa ya raba shi gida biyu.

Ni har yanzu Allemande ta Partita ta 2 kaɗai nake iya bi daga farko zuwa ƙarshe. Ranar da na gwada sautin farko na Chaconne, yatsu a danne, sai da tsirkiya ta bar mini layi a kan yatsa. Tun daga ranar in ina sauraron kowa, yadda yake karya waɗannan sautuka nake fara ji. Heifetz yana sara su ne kamar da adda. Milstein yana mirgina su, shi ya sa ka ji kamar magana. Ni a wajena ɗaukarsa ta 1973 ita ce ƙarshe, ko da yake akwai masu cewa ta farko, wadda ya yi wa Capitol tsakanin 1954 da 1956, ta fi wuta.

Bagobiri_77:
Ni ko da nis saurari abin ga da Aminu yaf faɗi, gogen gida yaf faɗo min ga rai. Namu tsagiya guda ta, ta izgar doki, ga ƙwarya da fata, ana shafa ƙaro ga baka kamar yadda su ma suka yi. Kuma mai goge in ya ƙware, irin su Garba Liyo, ko Garba Supa da kukumarshi, sai ka ji abin shina magana. Amma namu ba a barin shi shi ɗai, akwai masu ƙwarya, akwai waƙa, akwai 'yan rawa. Mi yas sa su Turawa sunka tsai da mutum guda gaban jama'a ba mai taimakon shi?

MalamHabu_Zazzau:
Bagobiri, tambayarka ta yi kyau, kuma ka san su kansu abin ya daɗe yana yi musu banbaraƙwai. Bach ya rasu a 1750, ba a buga waɗannan shidan ba sai 1802. Ko bayan an buga, an fi ɗaukar su a matsayin darasin ɗalibai. Mendelssohn ya ƙara wa Chaconne piyano don a iya kai ta gaban jama'a, Schumann kuma a 1853 ya bi duka shidan ya sa musu piyano. Wato su ma sun ga ya kamata a ba mutumin masu ƙwarya. Joseph Joachim ne ya dage yana kaɗa su tsurarsu. Shi ya kai har zamanin garmaho, a 1903 yana da shekara 72 aka ɗauki yankuna biyu na Bach daga hannunsa. Suna YouTube, ƙarar faifan ta kusa rufe kiɗan, amma ka daure ka ji.

Umar_Tsohon_Kaset:
Da tsohuwar zuma ake magani. Heifetz, 1952, shi ya fara ɗaukar shidan gaba ɗaya kuma har yau ba a kamo shi ba. Chaconne ɗinsa wajen minti 13, ba ya tsayawa shan iska.

MalamHabu_Zazzau:
Malam Umar, gyara kaɗan. Yehudi Menuhin ne ya fara ɗaukar su duka, tsakanin 1934 da 1936, yana saurayi bai wuce ashirin ba. Heifetz ya zo daga baya.

Umar_Tsohon_Kaset:
Na karɓi gyara, Malam, na gode. Amma maganar wuta tana nan. Wanda yake son ya ji goge yana ci kamar gobarar daji, Heifetz zai nema.

Dr_Fati_Leeds:
Ina ta karantawa ina jira wani ya ambaci abin da ni ya sauya mini kunne gaba ɗaya. Duk waɗanda kuka lissafa, Szeryng, Grumiaux, Milstein, Heifetz, gogen da suke riƙe ba irin wanda Bach ya sani ba ne, ko da kuwa katakon na zamaninsa ne. An sauya masa wuya, an ɗaure tsirkiyoyin da ƙarfi don sauti ya cika babban zaure. A zamanin Bach tsirkiya ta hanjin tumaki ce, baka ya fi gajarta da sauƙi, sautinsa yana fitowa ya lafa da kansa. Bakan da ake riƙewa yau sai wajen shekarun 1780 Tourte ya daidaita shi a Faransa, ɗan katakon da ake ɗora haɓa a kai kuma sai wajen 1820. Waccan karkarwar yatsa da ake yi kan kowane sauti ma, a da ado ne da ake sawa jefi-jefi.

Ku nemi Rachel Podger, ɗaukar Channel Classics ta ƙarshen shekarun 1990, da tsirkiyar hanji. Abu na farko da za ku lura, kiɗan ya ɗan yi ƙasa da yadda kuka saba, don haka ake ɗaure irin wannan goge. Na biyu, waɗancan sautuka huɗun da Zee ta yi bayani ba sa zuwa kamar duka, suna buɗewa ne kamar an yaye labule. Na saurare ta a mota ina dawowa daga aiki cikin ruwan sama, sai da na faka a gefen hanya na gama Sarabande ta Partita ta 2 kafin na ci gaba. Wanda kuma yake son tsaka-tsaki ya nemi Isabelle Faust, faifai biyu, 2010 da 2012. Ita takan rage sauti har ya zama kamar raɗa.

MalamHabu_Zazzau:
Likita, na saurari Podger sau da yawa, har na sayi faifanta, kuma ban raina gwanintarta ba. Amma ban yarda da cewa wanda ya fi kusa da kayan zamanin Bach shi ya fi kusa da Bach ba. Mutumin nan gwanin ogan ne na coci, kayan kiɗan da ke girgiza bango. Fugar Sonata ta 3 ta fi minti goma, gini ne mai hawa-hawa. In aka kaɗa ta da siririn sauti sai in ji kamar an zana mini ginin a takarda ne, ban shiga cikinsa ba.

Dr_Fati_Leeds:
Baba Malam, ai ba a coci ya rubuta su ba. A Köthen fadar ba ta bukatar kiɗan ibada mai yawa daga wajensa, shi ya sa a shekarun nan ya fi rubuta na ɗaki da na fada. Ɗakin da mutum talatin ko arba'in za su zauna ba ya bukatar sautin da zai kai kujera ta dubu biyu. Kuma ni ban ce Szeryng ya yi kuskure ba. Cewa na yi bayan na ji ɗayan, na kasa komawa.

MalamHabu_Zazzau:
Wannan hujja ce, na yarda da rabinta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, ni kuwa a gidan Szeryng na tashi.

Maman_Ilham:
Ni abin da na ji shi ne Bach ya rubuta Chaconne ne saboda rasuwar matarsa. Ya yi tafiya da yarima, ya dawo ya tarar har an binne ta. Tun da na ji wannan labari ba na iya sauraronta ba tare da hawaye ba, musamman wajen tsakiya inda kiɗan yake sauka ya yi laushi kamar an buɗe taga da asuba. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifiyata, kuma wannan wajen ne nake komawa.

Dr_Fati_Leeds:
Allah ya jiƙan Mama, ya sa ta huta. Rasuwar gaskiya ce, Maria Barbara ta rasu a watan Yuli na 1720 yana Karlsbad tare da yarima Leopold, ya dawo ya tarar an yi jana'iza. Amma cewa don ita ya rubuta Chaconne, wannan fahimtar wata malamar kiɗa ce Bajamushiya, Helga Thoene, wadda ta ce ta gano waƙoƙin coci na mutuwa a ɓoye cikin sautukan. A kan fahimtarta aka yi faifan Morimur a 2001, Christoph Poppen yana goge, mawaƙan Hilliard suna rera waɗancan waƙoƙin a kai. Masana da yawa ba su gamsu ba, don 1720 shekarar da ya kwafe kundin a tsabtace ce, kuma ana ganin ya fara aikin tun kafin nan. Wannan bai rage komai daga abin da kike ji ba, 'yar'uwa.

Maman_Ilham:
Amin, na gode Likita. Zan nemi Morimur ɗin duk da haka.

Zee_MaiGoge:
Anti, wajen da kike nufi na san shi. Chaconne ɗan gajeren zance ne mai gaɓa huɗu ake ta juya shi, sau 64. Rabin farko duk cikin sautin baƙin ciki yake, ya hau ya hau har baka yana shawagi kan tsirkiya huɗun kamar guguwa, sai kwatsam ya sauka ya koma sautin farin ciki a hankali. Ki ji yadda Hilary Hahn ta shiga wajen a faifanta na farko, 1997, tana da shekara 17. Tata ta kusa minti 18, ta fi ta kowa da na sani jinkiri, kuma wannan saukar a wajenta kamar mutum ne ya ajiye kaya daga ka.

Kb_Injiniya:
An cika Bach da yawa a nan. Aminu ya tambayi wasu ma. Paganini fa, mai goge ɗan Italiya? Caprice guda 24 ya rubuta wa goge shi kaɗai, an buga su a Milan a 1820, shekara ɗari cif bayan kundin Bach. Nan ne za ka ga iyakar abin da yatsun ɗan Adam za su iya. A ta 24 akwai wajen da hannun hagu yake tsinkar tsirkiya yayin da baka yake buga wasu, kamar ana zuba tsakuwa a faranti. Michael Rabin, 1958, shi ne nawa. Ya rasu a 1972 yana da shekara 35 kacal. Na Itzhak Perlman na 1972 ya fi fara'a, kamar abin ba ya ba shi wahala ko kaɗan.

Umar_Tsohon_Kaset:
Paganini wasan nuna bajinta ne, Injiniya. Ka ji sau ɗaya ka ce kai, ka ji sau biyu ka ce to, na uku ba ka da abin da za ka ƙara samu.

Kb_Injiniya:
Haba Malam Umar, kai da kake yabon Heifetz saboda wuta? In babu komai a ciki, me ya sa Liszt da Brahms da Rachmaninoff duk suka ɗauki zancen ta 24 suka gina nasu a kai? Ka saurari ta 6, wadda murya ɗaya take waƙa a hankali ɗayar tana karkarwa a ƙarƙashinta daga farko har ƙarshe. Babu nuna bajinta a nan, kaɗaici ne zalla. Kuma ka nemi ɗaukar Augustin Hadelich ta 2018. Wannan bawan Allah gobara ta ƙone shi a gonar iyayensa a Italiya yana da shekara 15, aka yi ta yi masa aiki, ya dawo ya ci gasar Indianapolis a 2006. Shi yana kaɗa su ne kamar waƙoƙin opera, kowace da halinta.

Hajiya_Bilki:
Injiniya ya yi gaskiya kan Hadelich. Ni ma da ba na iya jin fiye da uku a jere, nasa ne ya sa na kai ƙarshe.

Safiya_Mns:
Ba wanda ya ambaci Ysaÿe! Shi ma ɗan Beljiyam ne, babban mai goge a zamaninsa. A 1923 ya ji Joseph Szigeti ya kaɗa Bach, abin ya tsaya masa a rai, sai ya zauna ya tsara sonata shida nasa, kowace ya sadaukar da ita ga wani mai goge da ya sani, ya kuma ɗinka ta daidai da halin mutumin. Ta 1 ta Szigeti, ta 2 ta Jacques Thibaud, ta 3 ta George Enescu wanda ya koyar da Menuhin, ta 4 ta Fritz Kreisler. Yaya Aminu, tun da ta Bach ka shigo, fara da ta 2. Tana buɗewa da farkon Partita ta 3 ta Bach a hankali, sai a katse ta da ƙarfi, ta sake dawowa, a sake katse ta, kamar tunanin da ya ƙi barin mutum ya yi barci. Ta 3 kuma, Ballade, yanki ɗaya ce, ba ta kai minti takwas ba. Hilary Hahn ta fitar da shidan a 2023, shekara ɗari da rubuta su, kuma malaminta Jascha Brodsky ɗalibin Ysaÿe ne, wato tsakaninta da mai kiɗan mutum ɗaya ne. Amma ni na Alina Ibragimova na 2015 ya fi kama ni, don ita ba ta tsoron sautin ya yi kaushi in wajen ya bukaci haka.

Issoufou_Damagaram:
Salamu alaikum, gaisuwa daga Zinder. Ni ta wata hanya daban na shigo. Na yi karatu a Aljeriya, kuma can na fara jin cewa Béla Bartók, ɗan Hangari, ya zo yankin Biskra a 1913 da na'urar ɗaukar murya yana bin ƙauyuka yana ɗaukar kiɗan mutanen wajen. Shi ya sa na nemi aikinsa. A ƙarshen 1943 yana gudun hijira a Amurka, ba lafiya ba kuɗi, Menuhin ya roƙe shi ya rubuta masa sonata ta goge shi kaɗai. Ya gama ta a Asheville cikin watan Maris na 1944, Menuhin ya kaɗa ta a New York a watan Nuwamba yana zaune yana ji, shekara ta gaba ya rasu. Yankin farko sunansa ma daga chaconne aka ɗauko, na biyu fuga ce, kun ga Bach yana ciki. A yankin ƙarshe ya rubuta wasu sautuka da ke faɗawa tsakanin sautukan piyano, Menuhin ya nemi a sauƙaƙa su, bugun farko ya fito babu su. Yanzu masu goge da yawa sun koma ga yadda ya rubuta tun asali. Ni in na ji wajen, kamar ƙudan zuma a cikin tulu, kunnena yana kai ni ga gogen da nake ji tun ina yaro. Bagobiri, kai ma gwada ka gaya mini. Sai dai ba kiɗan farawa ba ne, Malam Aminu ya bari sai kunnensa ya saba.

Bagobiri_77:
Na ji ta, Issoufou. Farkon ya yi min tsauri, amma na ukkun, mai tafiya sannu, ya shige ni.

Sadiq_Abuja:
Tambaya, duk waɗannan Turawa ne. Babu baƙar fata ko ɗaya a wannan fage?

Safiya_Mns:
Akwai. Coleridge-Taylor Perkinson, baƙar fatar Amurka, ya rubuta Blue/s Forms don goge shi kaɗai, ya sadaukar ga Sanford Allen, baƙar fata na farko da ya zama cikakken ɗan ƙungiyar New York Philharmonic. Randall Goosby, ɗalibin Perlman, ya sa shi a faifansa Roots na 2021. Yadda yake jan sauti yana zamewa daga wani zuwa wani zai yi maka kama da gida. Sunan Perkinson ma an ɗauko shi ne daga Samuel Coleridge-Taylor na Ingila, wanda mahaifinsa ɗan Saliyo ne.

Kb_Injiniya:
Shawara ga Aminu da duk mai farawa: kada ku yanke wa kowane faifai hukunci ta sifikar waya. Tana yanke sautin ƙasa, kuma a nan rabin zancen yake. Ku sa abin ji a kunne biyu, ku jira a kashe janareto. Wuri yana da tasiri ƙwarai. A Janairun 2007 jaridar Washington Post ta sa Joshua Bell ya tsaya a tashar jirgin ƙasa a Washington da safe, da hular hana sallah, da gogen ƙirar Stradivari, shahararren maƙerin goge na Italiya, a hannu, ya fara da Chaconne ɗin nan. Fiye da mutum dubu suka wuce cikin minti 43, bakwai ne suka tsaya, ya tashi da dala 32. Kai kuwa Aminu ƙarfe biyun dare ta same ka, shi ya sa ta kama ka.

Dr_Fati_Leeds:
Kafin a rufe jerin, a ƙara biyu da suka fi sauƙin shiga. Telemann ya buga Fantasia 12 a Hamburg a 1735, gajeru ne, masu daɗin ji da safe, Grumiaux ya ɗauke su, Hajiya za ta ji daɗin wannan. Sai Passacaglia ta Biber, wadda ta girmi ta Bach da shekara arba'in da wani abu. Sauti huɗu ne kawai suke gangarowa, a maimaita su sau 65, komai kuma yana tsirowa a kansu. Tana cikin faifan Podger mai suna Guardian Angel na 2013. Baba Malam, ko ba ka yarda da ita a Bach ba, a nan za ka sallama mata.

MalamHabu_Zazzau:
A Biber na sallama tun tuni, Likita.

Nas_Aminu_Kano:
Jama'a na gode, Allah ya bar zumunci. Kwana uku ke nan ina bin abin da kuka rubuta ɗaya bayan ɗaya, na cika takarda guda da sunaye. Jiya da na samu hutu na zauna na ji Chaconne sau huɗu a jere, Szeryng, Grumiaux, Podger, sai Hahn. Malam, na ji dattawan nan uku da ka faɗa, a fugar ma na ji su. Hajiya, Gavotte ɗin har ƙaramar 'yata ta tashi tana juyi a tsakar ɗaki. Ta Podger da farko na ɗauka wayata ce ta samu matsala saboda yadda sautin ya yi ƙasa, amma wajen da Maman Ilham ta faɗa, nata ne ya fi taɓa ni cikin huɗun. Duk da haka da na gama sai na koma wa dattijona na Stockholm. Akwai wuraren da na ji hannunsa bai kai na Hahn tsabta ba, amma shi nake so in sake ji. Ban sani ba ko don shi na fara ji ne.

Zee_MaiGoge:
Yaya, to ka ji ɗaukarsa ta 1973 ka kwatanta da bidiyon, shekara 13 ne tsakani. Ina so in san ko za ka ji bambancin yadda yake karya sautin farko.

Hajiya_Bilki:
Ni ma Grumiaux na fara ji, a rediyo, ban ma san sunansa ba sai bayan shekaru. Wataƙila da Szeryng aka sa a ranar, da yanzu ina bayan Malam Habu.

MalamHabu_Zazzau:
Aminu, in za ka koma aikin kwana, ga abin da zan ba ka. Andante ta Sonata ta 2, BWV 1003, yanki na uku. Tsirkiyar ƙasa tana bugawa ɗaya-ɗaya ba ta tsayawa, kamar bugun jijiyar da kake dubawa a wuyan hannun majinyaci, waƙar kuma tana tafiya a samanta, duk da baka ɗaya. Ka ji ta wajen Milstein ɗinka, ka ji ta wajen Faust, ka zo ka ba mu labari. Kuma wa yake da ɗaukar Johanna Martzy ta tsakiyar shekarun 1950? Na daɗe ina neman mai tsabtar sauti, wadda nake da ita an kwafo ta ne daga faifan da ya sha allura.

Umar_Tsohon_Kaset:
Ina da ita a CD, Malam. Ranar Asabar zan shigo Zariya ɗaurin aure, in kana gida bayan la'asar sai in biyo da ita mu ji tare.